Gafakar Baba da Kyamarar da Yaya Habibu Bai Saya Ba

Shekara tara ke nan cif da muka kai Yaya Habibu makwancinsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru, domin ni ba marubuci ba ne, mai ɗaukar bidiyo ne kamar yadda shi ma yake. Bana kuwa shirun ya gagare ni. Abin da na daɗe ina ganin laifinsa a kai, na wayi gari na aikata shi da kaina, kuma nawa ya fi nasa muni, don ni na ga yadda nasa ya ƙare.

Ga wanda bai san shi ba, Habibu yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Gidanmu yana cikin lungu a bayan Ƙofar Wambai, gidan dukawa ne tun kakanni. Mahaifinmu, wanda duk unguwa ke ce wa Baba, a zaure yake aikinsa, ya ɗinka jaka da takalmi da gafakar Alƙur'ani a kai Kasuwar Kurmi. Mu biyu ne 'ya'yansa maza, kuma daga ni har Yaya babu wanda ya zauna ya koyi riƙon basilla. Yaya ya shiga ɗaukar bidiyon biki tun zamanin kyamarar da ake saɓawa a kafaɗa, mai cin kaset. Ni ma da na gama makaranta sai na bi sahunsa. Baba bai taɓa yi mana faɗa a kan haka ba, sai dai idan baƙo ya tambaye shi sana'ar 'ya'yansa ya ce, "Kallo suke yi, ana biyansu."

Akwai wani ɗinki da Baba yake yi a bakin gafaka. Siririn zaren fata ne guda ɗaya tak, ya shiga wannan huda, ya tsallake waccan, ya dawo baya ya ratsa ta ƙarƙashin kansa, har bakin ya fito a sarƙe kamar kan amarya. Kitso ma yake kiransa. A wurin mahaifinsa ya koya, kuma a iya sanina tsofaffin da suka iya irinsa a layinsu duk sun riga mu gidan gaskiya. Yanzu keken ɗinki ake sa wa bakin gafaka a bi a wuce. Burin Yaya a duniya shi ne ya ɗauki hannun Baba yana wannan kitso daga huda ta farko har ta ƙarshe, don kada ya tafi da shi.

Zauren ne matsalar. Ginin ƙasa ne na da, ba taga, haskensa duk daga ƙofa yake shigowa. Idon mutum yana sabawa da wurin cikin minti ɗaya, idon kyamarar wancan zamani kuwa ba ya sabawa. In ka buɗe shi don ka ga hannun Baba, ƙofar ta zama farar wuta ta cinye rabin hoton. In ka tsuke shi, Baba ya ɓace gaba ɗaya. Yaya ya roƙe shi ya fito tsakar gida, Baba ya ce shi bai taɓa ɗinki a rana ba, fata bushewa take yi. Ya kunna masa fitilar da ake haska amare da ita, Baba ya kare fuska da hannun riga ya ce a fitar masa da ita tun kafin ta makantar da shi. Sau ɗaya Yaya ya gwada ɗauka a haka. Hoton ya fito kamar an watsa masa dusa, ba ka bambance zare da yatsa. A gabana ya goge kaset ɗin, ya ce ba zai nuna wa duniya hannun ubansa a wannan kama ba.

Daga nan ya shiga jira. Duk kyamarar da ta fito sai ya nemo bayaninta, ya zauna da biro yana jera ta kusa da 'yar'uwarta. Wannan tana gani a duhu amma sautinta ba kyau. Waccan sautinta garau, amma tana ɓata jan launi, shi kuwa jar fatar Baba ba abin wasa ba ce a wurinsa. Kullum akwai wata da aka ce za ta fito baɗi. Baba ya mayar da abin tsokana, in Yaya zai wuce ta zaure sai ya ɗaga kai ya ce, "Habibu, amaryar taka ta iso?" Shi kuma ya ce, "Tana hanya, Baba." Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da Yaya, kwana biyar ya ce ga garinku nan. A wannan zauren muka karɓi gaisuwa. Ina zaune ana ta shigowa ana fita, abin da ke cin raina shi ne mutumin da ya ɗauki bikin rabin unguwa bai bar ko minti ɗaya na mahaifinsa ba. Na ji haushinsa ƙwarai, Allah Ya yafe mini, na kuma yi wa kaina alkawarin ni zan yi.

Shekara takwas na yi ina jan ƙafa. Aiki ya canza, yanzu gajerun bidiyo nake yi wa masu atamfa da masu turare da mata masu girki, su sa a shafukansu. Kyamarar da nake da ita ma ba ta son duhu, sai na riƙa ce wa kaina ai Baba yana nan da ƙarfinsa. Bayan damina ta bara hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko sai ya gaji, daga baya ko yana zaune kawai. Likita ya ce girma ne, magani zai rage amma ba zai mayar da shi yadda yake ba. A makon na sayar da tsohuwar kyamarata, na ƙudura zan sayi wadda za ta iya da zauren. Ƙarfina na guda ɗaya ne, kuma a nan na faɗa ramin da Yaya ya faɗa.

Da Yaya zai dawo ya ga abin da ke kasuwa yau, ina jin sai ya zauna a ƙasa. Abin da ya mutu yana jira ya zo, har iri biyu. Akwai wadda 'yan sana'a ke kira haibirid, wato mai aiki biyu, tana ɗaukar hoto tana ɗaukar bidiyo. Ba ta da nauyi, tana kama idon mutum da kanta ta bi shi duk inda ya juya, kuma ko kana tafiya hoton ba ya girgiza sosai. Launinta yana fitowa a shirye, ka ɗauka da safe ka miƙa wa mai kaya da yamma. Akwai kuma ƙaramar kyamarar silima, 'yar akwati da ba ta fi ƙwaryar fura ba, wadda aka ƙera don bidiyo kaɗai. Tana da fanka a cikinta, tana da wurin sa makirfo na ƙwarai, kuma tana iya riƙe duhun ɗaki da hasken ƙofa a hoto ɗaya ba tare da ɗaya ya kashe ɗaya ba. Duk biyun suna gani a zaurenmu fiye da duk abin da Yaya ya taɓa riƙewa. Na san abin da zai yi bayan ya gama mamaki. Biro zai nema.

Ni ma biron na ɗauka. Na aro mai aiki biyun a wurin wani abokin sana'a na tafi da ita ɗaurin aure lokacin bazara. Tana cikin aiki sai alamar zafi ta fito a fuskarta, kafin liman ya shafa fatiha ta kashe kanta, na tsaya ina yi mata fifita da katin gayyata. Na ce to, wannan ba ta san Kano ba. Na gwada ta silimar, ita kam ko a jikinta, sai dai tana shan batir kamar ruwa, mu kuma ga yadda wuta take a cikin gari. Hotonta yana fitowa fari-fari kamar tsohon zane da ya sha wanki, sai ka zauna ka mayar masa da launi da hannunka. Da na zuba abin da na ɗauka a kwamfutata, sai ta tsaya cak ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ga shi kuma ba a yi ta don hoto ba, alhali rabin masu kirana hoto suke fara tambaya. In na sayi wannan na tsare aikin Baba na raunata abincina, in na sayi waccan na tsare abincina, amma tana iya mutuwa a tsakiyar kitso. Baba kuwa in ya fara kitso ba ya tsayawa, kuma ba ya maimaitawa don wani.

Wata huɗu na yi a haka. Na kalli bayanin masu gwaji har idona ya yi ja, kowa da gwanarsa, kuma ba wanda ya taɓa shiga zauren ƙasa a watan zafi. Shagon Malam Tasi'u mai sayar da kyamarori ya zama wurin zamana, har kujera aka ware mini. Ran nan ya gaji ya ce, "Malam Munzali, in aurenta za ka yi ka turo magabata mana. Kullum zance, kullum zance!" Na yi dariya tare da kowa, ban ji komai a jikina ba.

Wata Talata da hantsi ina shirin fita, Baba ya kira ni daga zaure. Na same shi ya baje fata a tabarma, ya miƙo hannunsa na dama yana nuna mini. Ko motsi ba ya yi.

"Munzali, yau hannun ya kwanta," ya ce. "Ɗauko abin naka."

Na ce, "Baba, ai ban kai ga saye ba. A bari zuwa Asabar, in sha Allahu zan zo da wadda ta dace."

"Wayar da ke aljihunka fa? Na ga yaran unguwa da ita suke yi."

"Waya ba za ta iya wannan aikin ba, Baba. Ɓata shi za ta yi."

Ya dube ni ya ce, "To."

Ina so mai karatu ya gane, ba rashin kulawa ba ne ya sa na faɗi haka. Girman kan sana'a ne. Mu masu wannan aiki muna ganin ɗaukar abu mai daraja da waya kamar cin mutuncinsa ne, gara a bari sai an shirya. Wanda bai san komai a kan haske ba da tuni ya zaro wayarsa ya ɗauka, ya kwana da abinsa. Wayar da na raina a ranar ta fi kyamarar kafaɗar Yaya gani a duhu nesa ba kusa ba, kuma na san haka sarai lokacin da nake maganar.

Na fita da gudu zuwa shagon Malam Tasi'u in roƙi aron kowace ce, na tarar ya tafi ta'aziyya. Na zauna jiransa har aka yi azahar, bai dawo ba. Da na shigo gida bayan la'asar, gafaka tana kan tabarma a gama, ja wur, kitson ya zagaye bakinta ba inda ya karkace. Baba ya jingina da bango, hannun yana ta kaɗawa a cinyarsa. Ya ce ta Alƙur'anin Habibu ce, wanda tun da tsohuwar gafakarsa ta mutu yake naɗe a ƙyalle a kan kabad. Na ce, "Baba, ai da ka jira ni." Ya ce, "Ni ma ban san ko zai kai Asabar ba, shi ya sa na yi."

Bai kai ba. Ranar Asabar ko cokali hannun bai riƙe ba, kuma daga ranar hannun bai sake kwanciya ba. Hankalina ya tashi irin tashin da ban taɓa ji ba tun rasuwar Yaya. Na daina cin abincin kirki, na daina amsa kiran masu aiki. Da na rasa yadda zan yi, sai na ɗauko guntuwar fata da basilla na zauna a gabansa na ce ya riƙa faɗa mini ina yi. Muka kwana uku muna fama. In na sa zaren ya ce, "Ba haka ba." In na ce to yaya ne, sai ya ɗaga hannu zai nuna, hannun ya ƙi, ya buɗe baki ya rasa kalma. A rana ta uku ya ce, "Ni fa ban taɓa faɗarsa ba. Yinsa nake yi." Na fita tsakar gida na yi kuka, ni mai 'ya'ya uku.

Shi ne ya samo mafita, ba ni mai ilimin kyamara ba. Washegari ya ce, "Ba ku ne kuke sa mutum ya yi tafiya da baya a cikin hoto ba?" Na ce mu ne. Ya tura mini gafakar da hannun hagu. "To farke ta. Ka bi zaren a hankali kana zarewa, abin naka yana kallo. In ka gama ka mayar da hoton baya, sai ka ga yadda ya shiga."

Na ce ba zan iya ba, aikinsa na ƙarshe ne, kuma na Yaya ne. Ya ce, "In ka bar ta a ɗinke, gafaka ɗaya ce. Farke ta, na ce."

Tambayar da ta ci mini wata huɗu, a wannan minti ta amsa kanta. Farkewa sau ɗaya ake yinta, za ta ɗauki awanni, a cikin zafin zaure, kuma in kyamara ta mutu a tsakiya an yi asarar gafaka an yi asarar kitso. Na je na ɗauko ta silimar ko zama ban yi a shagon ba. Ga matasa masu tambayata kullum wacce za su saya, amsar ba ta da tsawo. In aikinka biki ne da talla, gajere-gajere, hoto da bidiyo, kai kaɗai kana yawo, ɗauki mai aiki biyu. In abin da za ka ɗauka dogo ne kuma ba a maimaita shi, ɗauki ta silima ka haƙura da wahalarta. In kuwa abin yana gabanka yanzu, ɗauki wadda ke hannunka.

Na kafa ta a kan ƙafafunta, na sunkuyar da idonta kan tabarma, na saita shi a kan bakin gafakar na kulle. Hasken ƙofa kaɗai ya ishe ta, har ƙwayar fatar ana gani. Baba ya danne hannunsa a ƙarƙashin cinya don kada rawarsa ta shiga hoton. Na sa bakin basilla a ƙarƙashin ɗinkin ƙarshe na ɗaga. Tun hantsi nake zare zaren huda bayan huda har aka kira azahar, fankar kyamarar tana ta ƙaramin sautinta. Ba ta mutu ba. Da na gama, abin da ya rage a gabana fata ce guda uku da dogon zare a lanƙwashe.

Da na juya hoton na kawo kwamfutar dab da fuskarsa, sai ga zaren yana shiga huda da kansa, yana tsallakewa, yana dawowa, gafaka tana haɗuwa a ƙarƙashin yatsuna kamar na iya. Baba ya yi dariya har da tari. "Ka ga nan? Nan ne nake ce maka ba haka ba!" Na ɗauka mun tsira.

Ba mu tsira ba tukuna. Hoton ya nuna mini inda zare yake bi, bai nuna mini ƙarfin da ake jansa da shi ba. In na ja da yawa bakin fatar ya tattare, in na sassauta kitson ya yi lakwas. Wannan a hannu yake, kuma ranar da hannun ya kwanta ina zaune a shagon mutane ina jira. Yau kwana goma sha tara ina gwadawa a guntayen fata. Baba ba ya gani sosai yanzu, da babban yatsan hagu yake shafawa ya turo mini abina. Abincinsa ya ragu, zamansa a zaure ya ragu, jiya ma sai da aka riƙo shi. Gafakar tana cikin faifai a farke, Alƙur'anin Yaya ya koma cikin ƙyalle, kuma ni na farke ta.

Na daina jin haushin Yaya Habibu. Yanzu na san ba sakaci ne ya hana shi ba, ya ga girman abin ne har ya ji duk abin da ke hannunsa bai kai ba. Shi ya koya mini duba haske kafin in duba mutum, shi ya fara gane cewa abin da tsohon nan ke yi a zaure ya fi duk bukukuwan da muke bi. Ba don shi ba da ban ma san akwai abin da zai ɓace ba. Wannan ya bar mini, ya kuma bar mini jiran, na karɓi duka biyun ban tace ba. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ya sa mahaifinmu, ni ma ya roƙa mini Allah Ya ba ni lokaci.

Yau da safe na miƙa wa Baba gwajin jiya. Ya bi shi da yatsa a hankali, ya wuce, ya dawo, ya tsaya a wani wuri. Ya ce, "Daga nan zuwa nan, nawa ne. Sauran naka ne." Ya miƙo mini, ya ƙara da cewa, "Ka yi sauri, Munzali. Ina so in taɓa ta a ɗinke."

Na auna wurin da ya ce nasa ne, tsawon yatsa ɗaya ne. Bakin gafakar kamu biyu ne da ɗoriya.